Ranar da Injin Baba Ya Zama Kore

"To ki kore shi mana! Tunda ke ce mai kamfanin yanzu, ki kore shi kowa ya huta!"

Umma ce ke faɗa, tana tsaye a tsakiyar falo da tsintsiya a hannu, ba ta share ba, ba ta ajiye ba. Auta na zaune a hannun kujera, ko jakar aiki ba ta sauke ba.

"Umma, ba ni nake korar mutane ba. Ni lissafi kawai nake yi."

"Na shiga ban ɗauka ba, ai ba ta fid da ɓarawo! Shekara ashirin da shida uban naki yana gaban injin nan, da zufarsa kika koyo lissafin. Yau shi ne malalaci?"

Baba kuwa, wanda ake rigimar a kansa, yana gefe yana yanke farce, sai ka ce labarin maƙwabci ake yi.

Ga yadda abin yake. Kamfanin bokitin roba ne, inji goma sha biyu, Baba ke kula da na tara. Da Auta ta gama karatu aka ɗauke ta a ofishin saman bene, har Umma ta ishi mutane da "'yata ta ofis". Aikinta tattara lambobi: kowane inji an maƙala masa wata 'yar na'ura mai kai gulmarsa ga kwamfuta, bokiti nawa ya fitar, sau nawa ya tsaya, minti nawa ya ɓata. Auta ta jera su a wani ƙaton allo a ofishin Manaja. Mai ƙoƙari kore, mai nawa ja. Wata uku ke nan sha ɗaya suna kore shar, na Baba kaɗai ja wur kamar idon mai kuka. Manaja ya ce a sallami mai shi ranar Litinin.

"Baba, don Allah me ya sa kake yawan tsayar da shi?" in ji Auta. "Sau arba'in a wuni fa."

Bai ɗago ba. "Kin taɓa saukowa ƙasa?"

Ba ta taɓa ba. Wari ne da zafi a can, ga takalmanta masu tsini.

* * *

Washegari ta sauko. Gani ya kori ji. Ƙara ta cika kunnenta, warin narkakkiyar roba ya shaƙe ta. Kowane inji yana da ƙarafa biyu manya da ke haɗuwa gam su matse robar, su buɗe bokiti ya faɗo. Gabansu akwai ƙofar gilashi. Da an buɗe ta injin zai tsaya cak, don kada ya haɗa da hannun mutum.

Ta tsaya bayan Baba. Bokiti ya maƙale. Ya buɗe ƙofa, inji ya yi shiru, ya zura hannu ya ciro, ya rufe, inji ya tashi. A sama, ta sani, kwamfutarta ta rubuta masa laifi ɗaya.

Ta matsa ga na takwas, wajen Dogo, abokin Baba tun suna samari. Ƙofarsa a wangale take, inji na ta gudu. Bokiti ya maƙale, Dogo ya kai hannu caraf ya fizgo, ƙarafan suka haɗu gam a inda hannun yake yanzun nan. Auta ta juya gare shi.

"Kawu, yaya bai tsaya ba?"

Dogo ya yi dariya, ya nuna mata wata 'yar waya da aka ɗaure makunnin ƙofar da ita. "Injin ya ɗauka a rufe take. Tun da aka kafa allonku kowa ya ɗaure nasa, 'yata. Ubanki ne kawai mai taurin kai."

Hannun da ya yi nunin da shi, yatsa uku ne a jiki.

"Yaushe wannan ya faru?"

"Wata biyu. Ni ai da sauƙi. Masu inji na huɗu da na sha ɗaya sun koma gida, ba su iya riƙe komai."

Wata biyu. Ta tuna watan sarai. Shi ne watan da Manaja ya yaba mata a taro, ya ce ta gyara kamfani.

* * *

Manaja mutum ne mai tumbi da murmushi, irin waɗanda ke ce maka "ɗan'uwa" suna neman hanyar fita. Ya saurare ta har ƙarshe yana juya biro.

"Nuna mini a allo," ya ce.

"Ranka ya daɗe, ba ya cikin allo. Babu gurbin rauni. Ba a ba ni waɗannan lambobin ba."

"To kin gani. Masu kamfani allo suke kallo daga inda suke. Ke kika koya mana mu bar jita-jita mu bi lamba, ko ba ke ba ce?"

"A bar ni in ƙara gurbin."

"Ki ƙara, sha ɗaya su koma ja, a rufe wurin, mutum ɗari biyu su zauna a gida. Za ki ciyar da su?" Ya sassauta murya. "Don darajarki, na ƙara wa dattijon mako guda. In ya gyaru, shi ke nan."

Ta fito tana jin kamar ta yi nasara, baiwar Allah. Mako guda ai ya isa ta rubuta wa masu kamfani da kanta. Ta fara wasiƙar sau uku, sau uku tana gogewa.

Ranar Laraba da hantsi ta ɗaga kai ta dubi allo. Sha biyu, kore shar. Manaja ya leƙo ya ɗaga mata babban yatsa.

* * *

Da yamma ta riga Baba isowa gida. Umma ta riga ta ji labarin injin Baba ya zama kore, don matar Dogo ba ta iya riƙe magana ko ta minti biyar, har ta fara yafe wa Auta. Baba ya shigo ya zauna yana kwance igiyar takalmi.

"Baba, ka ɗaure?"

Ya ci gaba da kwance igiyarsa.

"Ɗaure me?" in ji Umma. Ba wanda ya kula ta.

"Baba, ka kwance wayar nan. Zan rubuta musu, wallahi zan rubuta. Ka ba ni kwana biyu."

"Kin rubuta?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ban ga laifinki ba, Auta. Ke ma aikinki kike tsoro." Ya mayar da igiyar ya ɗaure, a hankali, ƙulli biyu. "Kore kuka ce kuna so, na ba ku kore."

"Hannunka fa, Baba?"

Ya miƙe. Ya buɗe tafukansa ya dube su, kamar mai duba kayan da zai kai kasuwa.

"Yatsuna goma ne," ya ce. "Aikina ɗaya."

"Wai me ake ɗaurewa ne a gidan nan ba a gaya mini?" Umma ta ɗaga murya. "Malam, ina kuma za ka, ko ruwa ba ka sha ba?"

Ya fita, ya jawo ƙofar da ƙarfi, garam, har ƙurar saman katakon ta zubo a kan tabarma.