Zabin Yagana

A shekarar da fatake suka kawo Damargu labarin faɗuwar Kukawa, Gajere ya binne matarsa Yagana a garinsu Gangara. 'Ya'yan da suka haifa duk ba su rayu ba. Abin da ta bar masa shi ne tukwanenta da zabinta, waɗanda duk gari ya san da zamansu, don ita kaɗai ce zabuwa ke cin gero a tafin hannunta. In ta fito da ƙwarya ta yi kiranta, sai su taho da gudu har suna taka mata ƙafa.

Gajere ya koyi kiran, ko da yake muryarsa ba ta yi daɗin tata ba. Da hantsi yakan tsuguna a gindin rumbu ya buɗe hannu, su zo. Wasu 'yan kaɗan ne ba sa zuwa, masu firgita, waɗanda ko inuwa ta gifta sai sun tashi sama. Bai taɓa kula su ba.

Da rani ya tsananta, daji ya bushe, diloli suka fara shigowa bayan gari da rana tsaka. Zabin Yagana sun tashi tare da karen gida, ba su san gudun mai ƙafa huɗu ba. Dila zai taho, su tsaya suna kallonsa. Masu firgitar kuwa tuni suna kan aduwa suna ta ihu.

Gajere ya yi shingen ƙaya, ya ɗana tarko, abin bai tsaya ba. Ya kulle su a akurki, suka daina ci suka fara ramewa, dole ya buɗe musu.

Damina ta zo, masu firgitar suka yi ƙwai a cikin ciyawa, suka dawo da tarin 'ya'ya, kowanne da halin uwarsa. Wata damina aka ƙara. Garken ya ninka na zamanin Yagana, amma masu zuwa hannu kullum raguwa suke, har ya rage wata tsohuwar zabuwa mai ɗingishi. Ita ma wata rana bayan azahar ya tsinci gashinta warwatse a hanyar rijiya. Ya tattara gashin a aljihun rigarsa ya koma gida.

Ƙanensa Manzo ya same shi zaune a ƙofar ɗaki.

"Yaya, ka ga bayan gari kuwa? Zabinka sun rufe gonar maƙwabcinmu Ila. Wannan arziki har ina!"

"Ba na Yagana ba ne," in ji Gajere.

"Jikokin zabinta ne mana. Ga zanen jikin nan iri ɗaya."

"Ba su san ta ba, Manzo. Ni ma ba su san ni ba."

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Manzo bai taɓa ganin wansa yana kuka ba, ko ranar jana'iza. Ya zauna kusa da shi a ƙasa har aka kira la'asar.

Bayan girbi Gajere ya ɗaure tabarmarsa ya bi ayarin Buzaye zuwa Tarka, wajen yayarsa Hajjo. Ya ce wa Manzo ya riƙe zabin. Manzo bai iya kama ko ɗaya ba, a hankali suka daina kwana a gari, suka koma daji. Gajere bai sake taka Gangara ba, kuma in baƙo ya zo daga can, ba ya tambayarsa labarin gida.