Injin Hagu

A kamfanin jiragen da Darwis yake aiki a Makassar, babu matuƙin da bai san hannun Kyaftin Pallawa ba. Ba ya mari a fuska, shi a ganinsa wannan aikin 'yan tasha ne. A bayan hannu yake sauke maka, da wani ƙaton zobe mai jan dutse, duk lokacin da ka taɓa wani abu a gaban jirgi bai ce ka taɓa ba. Rabin matuƙan kamfanin a ƙarƙashinsa suka koyi tuƙi, kuma wai har alfahari suke yi da tabon. In an zauna cin coto, farfesun naman garin, da rana, sai ka ga ƙatti da furfura suna nuna wa juna bayan hannu suna ƙyalƙyala dariya. Abin haushi, wallahi.

Darwis ya sha nasa rabon tun yana ɗan sabon shiga. Shekaru ya kwashe a kujerar dama, kujerar mataimaki, ya tara awannin tashi da doka ta nema, ya ci jarrabawar takarda. Abu ɗaya ya rage tsakaninsa da babban lasisin da ke ba mutum kujerar hagu ya zama kyaftin, wato gwajin tuƙi a sama. Ya taɓa yi sau ɗaya ya faɗi. Mai gwajin ya ce tuƙinsa tsaf yake, amma mutumin ba shi da baki. A tsarin kamfanin kuwa, wanda ya faɗi sau biyu ba a sake kai shi. Kujerar dama ce tasa har ya yi ritaya.

Ranar gwaji na biyu, da safe, su uku suka shiga jirgin, mai farfela biyu, ba fasinja ko ɗaya. Darwis a hagu. Pallawa a dama, don doka ta ce sai da gogaggen kyaftin a gefen wanda ake gwadawa. A 'yar kujerar da ke bayansu kuma mai gwajin ce, Ibu Sulastri, wata siririyar mata da aka turo daga Jakarta, wadda ba ta yi wa kowa murmushi ba tun da ta sauka.

Ta ce, "Yau kai ne kyaftin. Shi wannan mataimakinka ne. Ka gane?"

"Na gane, Ibu."

Pallawa ya yi dariya ta hanci. "To, ranka ya daɗe kyaftin, a ba mu umarni. Ka dai tuna wa ya koya maka ɗaura bel."

"Na tuna, Puang," in ji Darwis, kansa a ƙasa. Da sunan girma yake kiransa ko a cikin jirgi, bakinsa ya ƙi sabawa da wani abu daban.

Kowa ya san abin da ake yi a irin wannan gwaji. Da an ɗaga sama, mai gwaji za ta yi wa kyaftin ɗin alama, shi kuma ya ja sandar wutar injin guda baya, injin ya yi lakwas kamar ya mutu alhali yana nan da ransa, a ga yadda mutum zai riƙe jirgi da inji ɗaya. Suka tashi, suka bar titin jirgi a baya, gonakin shinkafa da tafkunan kifi na Maros suka shimfiɗu a ƙasa. Ibu Sulastri ta taɓa kafaɗar Pallawa ta hagu. Ya ja sandar hagu.

Jirgin ya karkata. Darwis ya danna ƙafar dama ya miƙar da shi, ya faɗi abin da ake faɗa da murya sarai. Har ya fara jin daɗi a ransa.

Sai balbelu suka taso daga tafkunan nan, garke guda, fari fat.

Ba a samu ko damar kaucewa ba. Ƙarar ta zo kamar ana jifan kwanon rufi da duwatsu. Jini da gashin tsuntsu suka shafe gilashi. Wani babba daga cikinsu ya daki ɓangaren Pallawa, gilashin ya tsage, ɓarɓashinsa na ciki ya fashe masa a fuska. Jirgin ya girgiza har haƙora suka haɗu, injin dama ya yi wani irin tari, ya fesa wuta, ƙararrawa ta kama ihu. Warin ƙonannen nama ya cika wurin.

A ƙafarsa Darwis ya fara sanin gaskiya. Nauyin da yake dannawa da ƙafar dama ya ɓace gaba ɗaya. Injin dama ya mutu mutuwar gaske, na hagu kuwa lafiyarsa ƙalau, su ne suka kwantar da shi da hannunsu. Yanzu ba abin da ke jan jirgin, kuma ƙasa ba ta da nisa.

Ya kai hannu zai tura sandar hagu gaba.

Zoben ya sauka a bayan hannunsa, tas!

Kuma hannun ya janye. Shi da kansa, ba da shawarar mai shi ba, ya koma kan cinya ya kwanta kamar yadda aka hore shi shekara da shekaru. Darwis ya kalli hannun nan, ya ji wata irin tsanar kansa da bai taɓa ji ba.

Pallawa ba ya gani. Jini na kwarara daga goshinsa ya rufe idanu, yana ta ƙifta su a banza. Abu na ƙarshe da ke cikin kansa shi ne injin hagu, shi ya ja da hannunsa, don haka shi ne mai matsalar. Ya riƙe sandar gam, ɗaya hannun yana laluben wadda ke yanke mai.

"Hagu ya kama wuta! Zan kashe hagu!"

"Dama ne, Puang! Dama!"

"Rufe min baki, ɗan banza! Ina tuƙi tun kana cikin tsumman goyo!"

Ibu Sulastri ta miƙo ta damƙi hannun rigarsa tana ihu, ya kai mata gwiwar hannu a baki, ta koma baya. Wata murya daga cikin na'ura ta shiga nanata cewa ƙasa ta matso. Ta gefen gilashin da bai ɓaci ba, Darwis ya hango kan bishiyar kwakwa, ya hango wani manomi ya yar da fartanya yana gudu cikin taɓo. Yatsun Pallawa suka sami sandar man.

Darwis ya dunƙule hannun da aka daka, ya narka wa tsohon a kan hanci. Ya ji ƙashi ya ba da ƙara. Pallawa bai saki ba, taurin kai gare shi kamar jaki. Sai Darwis ya kama yatsunsa biyu ya lanƙwasa su baya har suka karye, ya ɓamɓare hannun daga kan sandar, ya wurgar da shi gefe.

"Jirgi a hannuna yake! Ka sake taɓa wani abu sai na karya ɗayan!"

Ya tura sandar hagu har ƙarshe. Injin ya yi gurnani ya ɗauka. Jirgin ya fizge zuwa dama, ya taka ƙafar hagu da duk ƙarfinsa har cinyarsa na rawa. Wani abu ya karci cikin jirgin daga ƙasa, ganyen kwakwa ne ko reshe, Allah kaɗai ya sani. Daga nan hancin ya ɗago a hankali.

"Ibu, karanta min matakan kashe wutar injin dama. Da ƙarfi."

Ta karanta, bakinta na jini. Ya kashe, ya kira hasumiyar filin jirgi, ya kewayo ya sauka da inji ɗaya. Saukar ba ta yi kyau ba, taya ta daku da ƙasa har jirgin ya yi tsalle, amma ya tsaya.

Kafin motocin kashe gobara su gama fesa kumfa, matuƙan kamfanin sun cika wurin. An zaunar da Pallawa a bayan motar asibiti, an naɗe masa goshi, hancinsa ya kumbura ya toshe da auduga. Ido ɗaya ya buɗe, kuma bakinsa bai mutu ba.

"Yaron nan ruɗewa ya yi," yake gaya musu. "Ina ƙoƙarin ceton jirgi ya hau ni da duka. Ni! Ni da na raine shi!"

Aka juyo ana kallon Darwis, kallon da ake yi wa wanda ya daki ubansa. A garin nan, ka zubar wa babba mutunci a gaban baƙuwa, ba ƙaramin abu ba ne. Wani ya yi tsaki. Wani ya ce, "Je ka durƙusa mana, me kake jira?"

Ƙafafun Darwis har sun fara tafiya. Ibu Sulastri ta sha gabansa, tana danne leɓe da hankici.

"Na'urar ɗaukar murya za ta faɗi komai, ni ma ina wurin," ta ce, yadda kowa zai ji. "Amma kai ne kyaftin ɗin jirgin nan, daga bakinka nake son rahoto. Wa ya riƙe injin hagu?"

Darwis ya san abin da amsar za ta yi. Tsohon ba zai ƙara shiga gaban jirgi ba, kuma waɗannan mutanen da zai ci gaba da aiki da su ba za su yafe masa ba. Ya kuma san in ya sunkuyar da kai, shi ke nan, ya gama, ba zai taɓa zama kyaftin ba. Tausayin tsohon ya kama shi, don duk muguntarsa shi ya koya masa tashi. Wannan ta fi karya yatsun wuya nesa ba kusa ba.

"Kyaftin Pallawa ne," ya ce. "Injin dama ne ya mutu. Shi ya riƙe na hagu zai kashe shi. Na gaya masa bai ji ba, na cire hannunsa da ƙarfi."

Pallawa ya miƙe, ya ture ma'aikaciyar jinya, ya tako har gabansa. Da lafiyayyen hannun ya wanka masa mari, a fuska, a gaban kowa. Leɓen Darwis ya fashe. Bai rama ba, bai kuma kawar da ido ba, har sai da tsohon ya gaji da kallon ya juya.

Ibu Sulastri ta ce, "Sauka da inji ɗaya, na gani, ka ci. Sauran abubuwan da ba mu yi ba, ka zo jibi mu ƙarasa. Sai ka nemo kyaftin ɗin da zai zauna a damanka."

Darwis ya dubi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ya tofar da jinin bakinsa, ya ce mata zai zo.