Jadawali a Kwance

Ɗalibai suna kiransa Dakta Rula, a bayan idonsa. A aljihun gaban rigarsa, inda mutane ke soka biro, shi gajeriyar rula ta ƙarfe yake sokawa. In aka ajiye masa kundin bincike, ba ya kallon take. Tsakiya yake buɗewa, ya ɗora rular a gefen shafi, ya sunkuya ya kanne ido ɗaya kamar tela. Ba a taɓa samun ɗalibin da ya ce Dakta ya yi masa tambaya a kan abin da ya rubuta ba.

Malama tana cikin ɗalibansa. Koyarwa take yi a wata sakandare, aikin wucin gadi. Shugaban makarantar ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye: in ta kawo shaidar gama digiri na biyu kafin ƙarshen zango, kujerar malamar kimiyya tata ce. In ba ta kawo ba, akwai mai jira. Abin da ya rage mata sa hannun Dakta ne kawai.

A kan ruwan rijiyoyin unguwarsu ta yi bincikenta. Gida-gida ta bi da kwalabe a jaka, har wata tsohuwa ta rako ta da tsintsiya, wai asiri ta zo yi musu. Ta gwada ruwan da rani, ta koma ta gwada da damina. Da rani lafiya lau yake. Da ruwan sama ya sauka, sai ƙazantar masai ta bi ƙasa ta shiga rijiyoyin da ke gangare. Duk wannan ta tara shi a jadawali ɗaya a babi na huɗu. Da yake jadawalin yana da faɗi, sai ta kwantar da shafin ya ɗauke shi.

Zuwanta na farko Dakta ya ce gefen hagu ya yi kaɗan, ɗinki zai cinye rubutu. Ta gyara. Ya ce shafukan godiya da sadaukarwa lambar Romawa ake sa musu. Ta gyara. Sai ƙumshiya ta daina dacewa da lambobin shafi, ya zagaye ta da jan biro ya tura mata kundin da bayan hannu. Daga nan aka koma kan manazarta: wani marubuci yana cikin babi na biyu amma ba ya ƙarshen kundi, wani shekararsa ta sha bamban a wuri biyu. Waɗannan kam kurakurai ne, ita ma ta yarda. Abin da ke ci mata rai shi ne guda-guda yake fito da su, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, kowanne da nasa zuwan da nasa zaman benci a ƙofar ofis.

Ranar da ta tabbata babu sauran abin kamawa, ya yi ta juya shafuka ransa a ɓace, don rular ba ta samo komai ba. Can sai fuskarsa ta washe.

"Wannan fa?"

"Jadawalin sakamako ne, ranka ya daɗe."

"Na ga jadawali ne, ai ba makaho ba ne ni. Me ya kwantar da shi? Zazzaɓi yake yi?"

"Faɗi ne da shi, Dakta. A tsaye ba ya shiga."

"Wato farfesan da zai duba kundin zai taso daga wata jami'a, dattijo da furfurarsa, ki sa shi ya karkace wuya saboda rijiya?"

"In an juya kundin ai..."

"Kundi ba sitiyari ba ne, Malama."

Ta ce ko ta raba shi shafi biyu. Ya ce jadawali ɗaya, shafi ɗaya. Ta ce ko ta rage girman haruffa. Ya ce girman haruffa ɗaya ne daga bango zuwa bango. Ta ce ko zai ɗan duba layukan ƙarshe, don abin da ta gano yana wurin. Ya dube ta kamar ta nemi ya wanke mata kwanuka.

"In ya miƙe tsaye na duba. Sunayen masu gamawa za su bar sashen nan ƙarshen mako, da naki ko babu naki."

Ta wuce shagon da ake buga mata aiki, a bayan katangar jami'a. Mai shagon Injiniya ake ce masa, ko da yake iyakar injiniyancinsa dukan firinta da tafin hannu in ta cije takarda. Yana taunar cingam ya buɗo fayil ɗin.

"Anti, Rula ne ko? Ai ya ma yi miki da sauƙi. Wata sai da ta yi kuka a kan kujerar nan saboda waƙafi."

Ya miƙar da shafin. Jadawalin ya zube ta dama, layuka biyu suka fice waje. Suka gajarta sunayen da ke saman layukan. Suka matse, suka sake matsewa, har lambobi suka fara hawa kan juna. Bai shiga ba.

"Yanka za a yi, Anti. Na ƙarshen nan biyu su ne 'yan rigima."

"Na damina ne. Su ne binciken gaba ɗaya."

"To a cire na farko."

"Sunayen rijiyoyin kenan. A bar lambobi ba a san na wace rijiya ba ne?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya busa cingam ya fashe. "Ni dai tun da na buɗe shagon nan ban ga wanda ya dawo ya ce an kama shi da abin da ke ciki ba. Gefe ake kamawa. Kin san inda kundayen nan suke ƙarewa? Sito. Ɓera ma ba ya wuce babi na ɗaya."

"In aka cire su, jadawalin cewa zai yi ruwan lafiya lau ne."

"Ai babi na biyar ya ce ba lafiya ba. Mai so ya karanta can."

"Ba tare da hujja ba?"

"Anti, akwai mutane a layi."

Ta waiwaya. Da gaske akwai su, kowa rungume da nasa kundin mai jan zane-zane, suna hararar ƙeyarta. Ta juyo ga allon kwamfutar. Injiniya ya kai hannu zai goge layukan damina, ta ce ya bari. Ta jawo madannin gabanta, ta goge layukan da kanta. Jadawalin ya zauna daram a tsakiyar shafi, gefe da gefe daidai.

"Kin gani? Kamar a nan aka haife shi," in ji Injiniya.

Da ta mayar, Dakta ya buɗe babi na huɗu, ya auna hagu, ya auna dama. Ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda aka ba shi haƙuri. Ya sa hannu a shafin amincewa, sa hannu mai jela da ya kusa cinye layin shugaban sashe. Ta miƙa hannu za ta karɓa, ya ce ta dakata. Ya leƙa ƙofa ya kira sababbin ɗaliban da ke kan benci, suka shigo suna rakuɓewa.

"Ku zo ku ga yadda ake aiki. Malama, ɗaga musu shafin nan su gani da kyau. Wannan shi ne jadawali. Duk wanda nasa bai yi haka ba, kada ya taka mini ofis."

Ta ɗaga kundin a buɗe daidai ƙirjinta. Suka matso suna ɗaukar hoto da waya. Wata yarinya a gaba ta karanta lambobin tana motsa leɓe, ta ɗago da fara'a.

"Anti, ashe ruwan unguwarku mai kyau ne haka?"

Dakta yana tsaye a gefenta, biron bai ko koma aljihu ba.

"Haka jadawalin ya nuna," in ji Malama.