Hirar Tela a Tafin Hannu

Kuramen unguwar ba su da wurin hira da ya wuce shagon tsohon tela. Da yamma sukan jera benci su yi da'ira, don kowa ya ga hannun kowa, su yi ta zuba har yatsu su gaji. Telan kurma ne tun haihuwa, amma in ana neman sarkin surutu, a zo wurinsa. Ko ɗinki yake yi, sai ya saki keken ya tsoma hannu a gulmar da ba ta shafe shi ba.

Sai ido ya fara yi masa gardama. Da zare ya ƙi shiga allura, bai damu ba. Amma wata rana ya ga kafaɗun kowa na girgiza don dariya, hannun mai ba da labarin kuwa ya zame masa dishi-dishi. Ya rufe shagon ya koma gida. Tsoro ya kama shi sosai: kunne babu, ga ido zai tafi, zai zauna cikin mutanensa kamar baƙo.

"In sun zo, ki ce ba na nan," ya gaya wa 'yarsa da hannu. Ta ba shi amsa, bai gani ba.

Mai aski, abokin tsokanarsa, shi ma kurma, ba irin wanda ake kora ba ne. Ya kutsa har falo, ya zauna gwiwa da gwiwa da tela, ya ɗauki hannayen telan ya ɗora a kan nasa. Sannan ya fara magana a hankali, yatsun tela na bin nasa.

Da farko motsi kawai tela yake ji. Mai aski ya maimaita, ya sake maimaitawa. Can sai maganar ta fito:

"Wandon da ka ɗinka min, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Kuma lokacin idonka lafiya lau."

Tela ya fizge hannunsa. "Maƙaryaci! Ƙafarka ce karkatacciya!"

Sai ya tsaya cak, don ya gane cewa ya ji, kuma ya rama. Hawaye suka zubo masa, yana dariya.

Wani hannu ya dafa kafaɗarsa, wani ya taɓa gwiwarsa. Ashe duk abokan hirar sun biyo mai aski.

Tela ya share fuska, ya miƙa tafukansa biyu.

"Ɗaya bayan ɗaya," ya ce. "A fara daga dariyar ranar nan da ta wuce ni."