Kalangun Ilu a Kaset

Ga ta nan, ga ta nanku. Na ji kun ce ta zo, to ku gyara zama, don wannan a unguwarmu ta faru, shekarar da sojoji suka koma bariki.

Ilu Mai Kalangu makaɗin mahautan Ƙofar Wambai ne, gadon uba da kaka. Kowane gidan fawa da takensa, wato kiɗan da in an buga, ɗan gidan zai miƙe tsaye ko da yana tsakiyar fiɗa. Take goma sha bakwai Ilu ya riƙe a ka. Amma ya haura saba'in, hannun dama ya fara rawa, 'ya'yansa maza kuwa ɗaya tela ne, ɗaya ɗan acaɓa. Su kansu mahautan rediyo suke ratayawa a rumfa.

Wata Talata sai ga Ashafa, wani mai shirya fim ɗin bidiyo, ya yi sallama a zaure.

"Baba, wasan barkwanci za mu yi a kan makaɗa. Jiya suna yi wa soja kirari, yau farar hula ta hau, waƙar tana nan, suna kawai aka sauya. Kai za ka fito a shugabansu, sarkin kwaɗayi."

"Wato dariya za a yi mini."

"Ba kai ba, Baba, halin za a yi wa."

"A fuskar wa halin zai zauna?" Ilu ya daɗe yana kallon kalangunsa a jikin bango. "Abin nan naku, in ya ɗauki kiɗa, yana ajiyewa?"

"Har jikokin jikoki."

"To zan yi. Amma ka bar ni in buga taken mahauta gaba ɗaya, kada a katse ni."

"An gama, Baba."

Da ya shiga gida, matarsa Lami ta ce, "Malam, da furfurarka za ka je yara su mai da kai abin wasa?"

"In na mutu, a ina za a ji take goma sha bakwai ɗin nan? A bakinki?"

"Allah ya kiyaye. Shekara arba'in da biyar suna hana ni barcin rana."

Kwana huɗu aka yi ana ɗaukar fim a wani fili bayan Ƙofar Na'isa, cikin rana. Aka cusa wa Ilu matashin kai a riga ya zama tumbi. Wani ɗan wasa mai suna Gambo da safe ya sa kakin soja, da azahar ya sa babbar riga, Ilu na biye da shi da kirari iri ɗaya. Akwai inda Gambo zai jefa cinyar kaza, Ilu ya bi ta ya faɗi. Sau tara ya faɗi kafin Ashafa ya ce ta yi. Kullum ya dawo gida, Lami ta gasa masa gwiwa.

Ranar ƙarshe, bayan la'asar, aka ba shi fili. Ya saƙala kalangu a hammata, da tumbin da komai, ya fara. Hannun nan mai rawa ya tsaya cak. A take na shida sai aka ga Gambo ya miƙe tsaye, alhali ba a ce ya tashi ba. Ashe kakansa mahauci ne. Ashafa dai agogo yake dubawa.

Bayan wata biyu kaset ya fito. Ashafa da kansa ya kawo, aka taru a falon Husaina maƙwabciyar su Ilu, don ita ce mai bidiyo. Aka sha dariyar cinyar kaza, har Ilu ya ɗan murmusa. Sai wurin kiɗa ya zo. Ga Ilu a talabijin yana matsa tsarkiya yana bugu, amma abin da ke fitowa kiɗan fiyano ne, da wani ɗan fito mai ban dariya duk sanda tumbin ya motsa.

"Ina kalangun?" in ji Ilu.

Ashafa ya sosa ƙeya. "Baba, iska ta ɓata sautin. Kuma 'yan kasuwar kaset sun ce fiyano ake yayi. Amma ai ban yanke ka ba, dubi, kana nan duka."

Ilu bai yi faɗa ba. Ya dafa bango ya tashi, ya je bakin ƙofa yana laluben takalmi.

Lami ta ce, "Husaina, mayar da shi baya, ki kashe mini ƙarar nan."

Ta jawo farantin da aka kawo gyaɗa, ta kife shi a cinya, ta kafa wa hannun mijinta a talabijin ido. Sai ta fara bugawa da 'yan yatsu, tana bin sa.

"Wannan na gidan Ɗalha ne," ta ce. "Wannan kuma na su Mailafiya."

A na goma sha ɗaya ta rikice.

"Kin yi sauri," in ji Ilu daga bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa. "Kullum ke sauri. A mayar baya."

Ya cire takalmin, ya dawo ya zauna.

Fim ya yi kasuwa. Yaran unguwa suka riƙa kiran Ilu Baba Tumbi har ya rasu bayan shekara uku. Ashafa ya bar fim, yana sayar da wayoyi. Gambo ya shiga siyasar gaske, ya yi kansila sau ɗaya. Kaset ɗin, bidiyon Husaina ya tauna zarensa. Kalangu yana rataye a shagon telan. Lami tana nan da farantinta, ta riƙe take goma sha huɗu. Ukun sun tafi da mai su.

Ƙurunƙus, ta ƙare nan.