Rigar da Na Ɗinka wa Kwamfuta

Kwamfutar ta fi shekara goma a gidanmu na Dukawuya. Ta ɗana Umar ce, ya bar wa ƙanwarsa Nana Hauwa lokacin da aiki ya kai shi Legas. Da Nana ta zo shekarar ƙarshe a jami'a, aka ba ta aikin lissafa unguwannin da ruwa zai kwanta idan damina ta yi ƙarfi. Ta ce tsohuwar ba za ta iya ba sai an ƙara mata ƙarfi.

Isiyaku mai gyara, wanda shagonsa ke Gwale, shi ya zo ya yi aikin. Ya canza akwatin wutar da ke ciki, sannan ya fito da wani dogon abu mai fanka uku, wai katin girafik, shi zai ɗauki nauyin lissafin. Na karɓa na juya shi. Bayansa kamar birnin Kano ne idan ka hau Dala, ga lunguna, ga ƙananan soraye, har na rasa ta inda mutanen ciki suke fita. Katin ya yi wa kwamfutar tsawo, sai Isiyaku ya yanke wani ƙarfe, ya kuma bar gefe guda a buɗe.

"Haka za ka bar ta tsirara?" na tambaye shi.

Ya yi dariya. "Baba, numfashi take yi."

Na ɗauka zolaya ce. Ni baduku ne, a wurinmu abu mai daraja ba a barinsa haka. Littafi gafaka ake yi masa, wuƙa a yi mata kube. Kwana huɗu na yi a soro ina ɗinki a ɓoye, da jar fatar akuya mai taushi, na yi mata ado da kore a gefe.

Ranar Litinin Nana ta kunna lissafin, ta ce kwana uku zai yi yana tafiya a kan sola, kada a taɓa. Tana fita na zura wa kwamfutar rigarta. Ta zauna cif. Har ƙarar fankar ta ragu, na ce to, ta samu natsuwa.

Bayan azahar na ji ƙauri. Na tarar allon ya yi baƙi, fatar kuma da ƙyar na iya riƙe ta don zafi. Na cire ta, na cusa a ƙasan adakata.

Da Nana ta dawo ta danna, ta danna, shiru. Ta zauna a ƙasa.

"Baba, wani ya shiga ɗakin nan?"

"Wa zai shiga?" na ce.

Daga nan ta yanke cewa mataccen kati Isiyaku ya sa mata. Ina ji ta kira ƙawayenta da suka yi niyyar kai masa nasu aikin, ta ce kada su kuskura. Ta gaya wa malaminta. Kafin Laraba maganar ta iso masallacinmu, wani ya ce dama yaran yanzu ba amana. Na gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan ya fi komai tsaya mini a wuya.

Ranar Alhamis ta ɗora kwamfutar a Keke mai ƙafa uku, ta ce in raka ta, tunda a gabana aka yi aikin. Shagon da mutane. Nana ba ta ko gaisa ba.

"Malam Isiyaku, haka ake yi? Saura wata guda in miƙa aikina!"

Isiyaku ya jawo kwamfutar gabansa. Ya kwance katin, ya shinshina, ya hura. Sai na ga ya sa tsinke ya zaro wani ɗan jan zare na fata daga cikin fanka. Ya dube shi, ya dube ni. Ya rufe hannunsa a kai.

"Ki yi haƙuri, Malama," ya ce. "Zafi ne ya kama shi. Ni ne ban yi bayani sosai ba. Laifina ne."

"Kun ji ko?" in ji wani mai jiran waya. "Da bakinsa."

Na dubi hannun nan nasa da ke rufe. Yaron nan sa'an Umar ne, yana rufa mini asiri da sunansa, alhali da sunan yake ciyar da iyalinsa.

"Buɗe hannunka, Isiyaku," na ce.

"Baba, bar shi kawai."

"Buɗe."

Ya buɗe. Na faɗi komai, har da rigar da na ɓoye a adaka. Wani ya ƙyalƙyale da dariya, aka harare shi. Isiyaku ya ce zai gwada katin, wataƙila bai mutu gaba ɗaya ba, amma bai yi alkawari ba.

Nana ta daɗe tana kallon zaren.

"Na tambaye ka fa, Baba," ta ce a hankali.

Sannan ta ciro wayarta, a nan tsakiyar shagon, ta fara kiran waɗanda ta gaya wa, ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye, kowane kira sai na ji ta ce, "Ba shi ba ne. Babana ne."