Abin da Ya Kai Baba Lado Aujara

"Wai aure ya je nema Aujara," in ji wata mata a bakin rijiya, tana kare baki da gefen mayafi. Ran Laraba ce, ranar sadakar uku, ko rabon gumba ba a gama ba. "Sau huɗu a wata guda, har da babbar riga da turare. Tsoho ɗan saba'in! Ai dole zuciya ta buga."

Hajiya Yakaka ta ji. Shekara talatin ta yi tana koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma ta daɗe da lura cewa labarin da kowa ya rantse a kansa, da wuya a sami wanda ya gani da ido. Ta dubi Inna Karima, matar mamacin, a ƙofar ɗaki, kai a sunkuye. Ita ma ta ji.

Baba Lado masinjan ofis ne tun Jigawa tana cikin Kano, da aka ba da jiha ya dawo Dutse, nan ya yi ritaya. Ran Litinin ya dawo daga Aujara da la'asar, ya rataye jar dararsa a ƙusa, ya ce ƙirjinsa ya riƙe. Kafin magariba ya cika.

A soro Hajiya ta tarar da Mashkura, 'yar maƙwabciyarsu Adda mai fura. Marainiya ce, tana aji shida na sakandare, ba mai kamo ta a ajin, likita take son zama.

"Ke, wannan kuka naki ya fi na 'ya'yansa."

"Hajiya, fom ɗina na sukolashif yana hannunsa. Shi ya ce in kawo ya kai mini ofis. Na je sun ce ba a kawo ba, an duba akwatinsa babu. Jibi za a rufe karɓa. In ya wuce, Adda ba ta da halin jami'a."

Hajiya ta ce, "Ina asalin babanki?"

"Rugar kakana tana wajen Aujara."

Washegari da sassafe Hajiya ta shiga bas, ta zauna a kujerun baya da aka ware wa mata tun zuwan shari'a, ba ta zame ko'ina ba sai ƙofar dagacin Aujara.

"Ranka ya daɗe, amaryar maƙwabcina na zo gani. Wani tsoho mai jar dara."

Dagaci ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Da ya ji tsohon ya rasu, dariyar ta ɗauke, ya yi salati.

"Takardar shaidar asali ya zo nema wa wata yarinya. Ya ce a ofis an gaya masa fom ba ya shiga sai da ita. Na ce ban san ta ba, ban san ubanta ba, masu ruga kuwa bana suna nan, baɗi sun tashi. Na ce sai ya kawo dattijo biyu da suka san kakanta."

"Ya kawo?"

"Ɗaya a kasuwar shanu ya tono shi, bayan zuwa biyu. Ɗayan makaho ne, a kan acaɓa ya ɗauko shi daga wani ƙauye, yana tallabe da shi. Makahon har sunan bijimin kakan ya faɗa. Ran Litinin na sa hannu, ya ce daga nan sai Jahun a buga hatimin ƙaramar hukuma."

"To me ya hana shi faɗa wa iyalinsa?"

"Ni ma na tambaya. Ya ce shekara talatin yana ɗaukar takardun mutane, bai taɓa buɗe baki kan wadda bai kai ba."

"Babbar rigar fa?"

"Haba Hajiya! Da rigar gona zai shigo gabana?"

"A ina ya sa takardar?"

Dagaci ya taɓa kansa. "Inda masinjojin da suke sawa."

Da la'asar ta yi sanyi Hajiya ta iso gidan rasuwar. Matan suna nan a kan tabarmi, har da ta bakin rijiya. Hajiya ba ta cire takalmi ba ta ce, "Inna, miƙo mini hular Malam."

Inna Karima ta tashi a hankali ta ciro ta daga ƙusa. A ciki, ninki huɗu, ga fom, ga takardar shaida da sa hannun dagaci da hatimin Jahun, gefenta ya jiƙe da gumi ya bushe. Hajiya ta sa tabarau ta karanta da muryar aji, tun daga sunan Mashkura har kwanan wata, yadda na soro ma sai da suka ji. Sannan ta danƙa wa yarinyar.

"Gobe ƙarfe takwas. Ni zan raka ki."

Inna Karima ta kakkaɓe hular, ta ɗora ta a cinya, ta ɗago kai.

Ba aure Baba Lado ya je nema Aujara ba. Sa hannu ya je karɓowa, ya kuma karɓo.